Azahar a Yamai, La'asar a Abijan

Inna ba ta auna nisan gari da kilomita, da salla take aunawa. In ka ce mata za ka Tirmini sai ta ce ai nan ne, ka je ka dawo ka tarar da azahar a gida. Kano wuni ne, in mutanen duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, sun tashi da fara'a. Yamai kuwa ita ce iyakar tafiyar mai hankali, domin sallolin yini kaf a gefen titi ake yin su. Duk garin da ya wuce Yamai, a wurin Inna sunansa ɗaya, "can".

Ni kuma aure ya kai ni can ɗin. Maigidana ɗan Damagaram ne, unguwarmu ɗaya, amma aikinsa a Abijan yake, a wani buro na masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ran da aka ɗauke ni, mata sun cika gidanmu da kuka da guɗa, Inna kuwa tana bayan ɗaki tana tankaɗen gari kamar 'yar maƙwabta ake kaiwa.

Ban yi mamaki ba, don ni ce 'yar fari. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba, Baba ya sa mini sunan mahaifiyarsa, wato surukar Inna. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan suna ɗaya. Tun da aka yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta ɗauke ni zuwa gidanta a unguwar Birni, a can na girma. Gidanmu na Zango sai dai in biya in an tashi daga lakwal, makarantar boko. In na shiga na gaishe ta, Inna takan amsa tana kallon murhu, sannan ta ce wa iska, "A zuba wa 'yar Gwaggo tuwo." Babu kowa a tsakar gidan sai ni da ita da kaji, saboda haka ni nake zuba wa 'yar Gwaggo tuwon da hannuna. Ƙanena kuwa, autanmu, sunansa ba ya hutawa a bakinta daga safe har yamma, ko faɗa take masa sai ta kira shi da sunan nan cikakke. Na sha tsayawa a zaure ina jin haushin yaron da bai yi mini komai ba. Kowa ya ce mini al'ada ce, kuma na sani al'ada ce. Sanin bai hana abin yi mini ciwo ba.

Gwaggo ta rasu ina Abijan. Kafin labari ya zo mini an riga an kai ta, maigidana kuma ba ya gari, ya bi kaya arewa. Na yi kukana ni kaɗai a saman bene, maƙwabtana masu kirki ne amma ba su san wace ce Gwaggo ba. Inna ta aiko da gaisuwa ta bakin ƙanena, kamar yadda ta saba. Ko a wayar talho ba ma wuce ina kwana da ya gida, sai in ji ta miƙa masa tana cewa ga mutanen can.

Bayan nan na samu ciki, na fari. Da abin ya tafi daidai, gida zan koma in haihu, a yi mini wanka a Damagaram kamar kowace mace. Amma da cikin ya tsufa ƙafafuna suka kumbura, jinina ya hau, likita ta ce ko tafiyar kasuwa in rage, balle wata ƙasa. Na dawo gida na zauna bakin gado ina lissafin wanda zai zo. Wadda za ta zo da gudu tana ƙasa. Wadda nake so ta zo kuwa ko sunana ba ta faɗa. Tsoro nake ji sosai a kwanakin nan, kuma ba tsoron haihuwar kaɗai ba. Ina tsoron in roƙa a ce mini a'a, in tabbatar da abin da na daɗe ina zargi tun ina yarinya.

Maigidana ne ya kira Baba. Baba ya ce shi bai hana ba, a tambayi mai tafiyar. Mai tafiyar ta aiko da tambaya ɗaya, salla nawa ce a hanya. Maigidana ya buɗe taswira a talhonsa ya nuna mini, ga Damagaram, ga Yamai, ga Abijan a bakin ruwa. Ya ce in ta sama aka bi, tsakanin Yamai da nan bai fi tsakanin Yamai da gida da wani abin kirki ba, kuma jirgi ba ya tsayawa shan shayi. Na gaya wa ƙanena ya ce mata azahar a Yamai, la'asar a Abijan. Ya dawo mini da amsarta yana dariya. Ta ce yaran yanzu har da salla suke haɗawa in za su yi ƙarya. Ta ce kawunta ya tafi Abijan fataucin goro tana budurwa, bai dawo ba sai da furfura da 'ya'ya masu jin wani yare.

Ta nemi ta tura ƙanwarta, ƙanwar ta ce gwiwa. Ta nemi wata tsohuwa da ke yi wa matan unguwa wanka, tsohuwar ta ce ita da jirgi sai dai na Makka. Ina jin labarin nan duka daga bakin ƙanena, kowace rana zuciyata na ƙara yin ƙasa. Sai wata safiya ya kira ya ce Inna ta ce tunda babu mai zuwa, kada a ce gidan ba su da mutunci, a yi mata takardun tafiya. Haka ta faɗa, don mutuncin gida. Na karɓa a haka, ban tsaya neman ƙari ba.

Shirin da ta yi, wanda bai sani ba sai ya ce ba za ta dawo ba. Ta bi Zango gida-gida tana neman gafara, ta shiga Birni ta yi haka, ta hau mota har Dakusa wurin danginta. Ta raba awakinta kiwo. Ta kira ƙanwarta ta nuna mata kwanukan da za a ba wane da wane in ta Allah ta kasance. Sannan ta cika buhu da kanwa da yajin jego da daddawa da kuka da surfaffen gero da busasshen ganyen wanka, ta ɗora kwanon alkaki a kai. Ƙanena ya ce mata a Abijan ma akwai itatuwa. Ta ce ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba.

Baba ya haɗa ta da wata Hajiya 'yar Kano mai sayar da atamfa, wadda ta daɗe tana kawo kaya kasuwarmu har ta zama 'yar gari, kuma takan je Abijan saro. Duk abin da zan faɗa na hanya daga bakin Hajiyar nan na ji shi. Mace ce da bakinta ba ya hutawa, saboda haka na rage gishirin da na san nata ne, abin da ya saura shi na rubuta.

A motar Yamai Inna ba ta ba kowa wahala ba. Wannan tafiya ce irin wadda ta yarda da ita, ana jijjiga, ana tsayawa, ana alwala da buta a gefen hanya, mutum yana jin nisan a ƙugunsa. Suka kwana a gidan wani ɗan'uwanmu, washegari suka yi azahar a filin jirgi. Da suka shiga, Inna ta tuɓe takalmi ta tura ƙarƙashin kujera, ta ɗauko carbi, ta gyara ƙullin guzurinta a cinya, ta zauna zaman wanda zai kwana biyu a wurin. Da jirgin ya ɗaga ta runtse ido ta riƙe hannun Hajiya har sai da zobe ya shiga nama. Da aka kawo abinci ta ce a mayar, da sauran tafiya, ba a fara cin guzuri tun a ƙofar gari. Hajiya ta cinye nata ta cinye na Inna.

Ba ta gama sabawa da ƙarar ba sai ta ji jirgin yana sauka. Ta tambayi Hajiya ko lalacewa ya yi. Hajiya ta ce lafiyarsa lau. Ta ce to, an tsaya salla ke nan, direban yana da tsoron Allah. Hajiya ta ce mata ta leƙa taga. Inna ta leƙa, ta ga ruwa shimfiɗe ko'ina da kore shar da benaye. Mutumin Damagaram da ya girma yana bin layin famfo, in ya ga ruwa haka ba mai shi, dole ya yi shiru. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Nan ne?"

Hajiya ta ce nan ne.

"Can ɗin?"

"Can ɗin ke nan, Inna. Sa takalminki."

Hajiya ta ce tun daga nan fuskarta ta sauya, a haka suka shiga layin da ake duba fasfo.

Ɗan sandan da ke tagar saurayi ne mai natsuwa. Ya buga wa Hajiya hatimi, ta tsaya gefe don ta yi tafinta, da ɗan Faransancinta na kasuwa. Ya duba fasfon Inna, ya tambaya wurin wa ta zo. Inna ta ce wurin 'yar Gwaggo. Ya ce sunanta fa? Hajiya ta juya ta tambaya, domin ita ma iyakar abin da ta sani ke nan, 'yar Gwaggo, matar yaron nan na Abijan. Inna ta ce ai takwarar kakarta ce. Hajiya ta ce to ita kakar wa take da suna? Inna ta dube ta kamar ta nemi ta tuɓe a kasuwa.

Ƙanena ya rubuta mata komai a takarda kafin su taso, sunana da unguwarmu da lambar maigidana. Don kada ta ɓata, Inna ta cusa ta can ƙasan buhun kanwa. Buhun kuwa yana gaba, wurin ɗaukar kaya, ba a isa gare shi sai an wuce tagar. Talhon Hajiya layin gida ne a ciki, bai kama ba. Ɗan sandan bai ɗaga murya ba, ya ce Mama ta tsaya gefe ta tuna, ya ci gaba da duba na baya. A tunaninsa mantuwa ce ta tsufa. Ina zai san cewa ba abin da matar nan ta riƙe a duniya kamar sunan?

A wannan lokacin ina waje, wurin masu tarya, zaune a kan wani benci da ƙafafuna kamar turame. Maigidana ya ce in zauna a gida, na ƙi. Mutanen jirgin Yamai suka fara fitowa, ana gane su da manyan riguna da rawani da buhunan kilishi. Kowace mace mai mayafi ta ɓullo sai in yunƙura, sai in ga ba ita ba ce. Suka yi ta raguwa har ƙofar ta koma buɗewa jefi-jefi, daga baya sai ma'aikata kaɗai ke fitowa. Maigidana ya kira ɗan'uwanmu na Yamai, ya ce da idonsa ya ga shigarsu. Ban yarda ba. Na ce a raina ta isa bakin jirgin ta juya, ta ce a gaya wa mutanen can ta gaishe su. Na ji kaina na koma yarinyar nan mai tsayuwa a zaure da jakar lakwal. Haushi ya kama ni, na kaina da na sa rai.

A ciki kuwa layi ya ƙare, saura su biyu. Hajiya ta yi lallashi, ta yi magiya, ta ce ta raɗa mata a kunne ita ta faɗa. Inna ta ce ko a kunne ai faɗa ne. Ɗan sandan ya ce wani abu, wanda daga baya Hajiya ta amsa mini cewa tambaya kawai ya yi ko Mama na son ruwa. Amma Hajiya 'yar kasuwa ce, ta san inda ake matsa mai taurin ciniki. Ta juya ta ce wa Inna ya ce in babu suna, jirgin da ya kawo ta yana nan bai huce ba, za a mayar da ita.

Inna ta ce, "Yau?"

"Yanzu ma. Ke da kika ga tafiyar da idonki. Kafin isha kina Yamai, yarinya kuma ta haihu a hannun wanda Allah ya ba ta."

Da a ce Inna na nan da imaninta na dā, cewa Abijan tafiyar watanni ce, da ta san ba mai iya mayar da ita a yini ɗaya, da ta ci gaba da tsayuwarta har a gaji. Amma yanzu ta san abin yana yiwuwa. Ta ja mayafi ta rufe baki ta faɗi wani abu. Ɗan sandan ya kara kunne a tagar ya ce bai ji ba. Sai Inna ta sauke mayafin ta faɗa a fili. Ya rubuta, ya ɗago ya ce sunan uban fa, don a nan da shi ake kiran mutum. Sunan mijinta ke nan, wanda ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka kai ta gidansa. Wannan kam bango ta juya ta gaya wa.

Ni dai abin da na ji shi ne lasifika. Wata murya ta mace, da Faransanci mai santsi, tana neman wance 'yar wane ta zo ƙofar ofishin 'yan sanda. Ta murɗe sunan ta yadda ko Baba ba zai gane nasa ba. Maigidana ya miƙe ya ce ke ake kira, taso. Ban tashi ba. Shi yana tunanin wace matsala ce, ni kuwa lissafi nake. Hajiya ba ta san sunan nan ba. A fasfon Inna babu shi. Duk cikin ginin nan, bayan wanda ke tsaye kusa da ni, mutum ɗaya ce ta san shi. Aka sake maimaitawa, na saurara da kyau har ƙarshe. Mutane suna wucewa da akwatunansu suna kallon mace mai ciki tana kuka tana dariya a kan benci.

Maigidana ya shiga ya yi bayani, ba a daɗe ba suka fito. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ake yi wa suruki. Na gaishe ta. Ba ta dubi fuskata ba. Ƙafafuna ta duba, ta daɗe a kansu, sannan ta ce wa Hajiya a gaya wa mutane su daina tsayuwa da irin wannan kumburi. Daga nan ta tambayi buhunta.

Muka isa gida rana ba ta yi ja ba. Ta hau benen tana hutawa a kowane hawa, ta tambayi gabas, na shimfiɗa mata dardumata. Ta yi la'asar a kan lokacinta. Da ta sallame ba ta tashi ba, ta zauna tana jan carbi tana bin ɗakin da kallo, kujeru, labule, tagar da ba a ganin komai sai bangon maƙwabta. Ina kicin ina haɗa mata abinci, ƙofa a buɗe. Sai na ji tana magana da Hajiya, da muryar da ta san za ta iso inda nake.

"An cuce ni, Hajiya. Kowa ya ce mini nisa, ni ma na ce nisa. Ashe azahar ce zuwa la'asar." Ta ci gaba da jan carbin. "A ɗakin nan yarinyar nan ta yi zaman makokin Gwaggo? Ita kaɗai?"

Hajiya, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta ce Allah ya jiƙan Gwaggo, ta tsaya nan. Ni kuwa na kunna famfo don kada a ji ni. Abin da na yi shekaru ina so in sani ke nan, ko ta taɓa tunanin halin da nake ciki. Na sani a ranar, kuma na gode wa Allah da ya sa ban mutu da zargin nan ba.

Kafin Hajiya ta tafi masaukinta na raka ta bakin bene na riƙe mata mayafi. Na ce ta gaya mini yadda Inna ta faɗa. Ta yi dariya ta ce ke ma da neman magana. Sannan ta daina dariyar ta ce ita abin da ya ba ta mamaki, ta zaci za ta ji sunan ya fito da ƙyar kamar tsohuwar ƙofa. Ta ce sumul ya fito, da ɗan jan nan na ƙarshe irin na tsofaffin Birni, kamar bakin da ke faɗinsa kullum. Ban tambaye ta a ina Inna ke faɗinsa kullum ba, tunda ba a gaban mutane ba ne. Mai auna komai da salla, ba sai an gaya mini ba.

Na haihu lafiya, mace. Abin da ya biyo baya kuwa, maƙwabtanmu har yau suna ba da labarinsa. Inna ta raina duk tukwanen gidana, sai da maigidana ya samo mata wata ƙatuwa daga wurin masu dafa abincin biki. Ta raina wutar gas, ta ce ba ta da zuciya, amma ta koyi kunna ta a rana ɗaya. Safe da yamma benen nan yana ƙamshin ganyen Damagaram. Takan zaunar da ni a kan kujerar tsuguno ta tsoma ganye a ruwan zafi ta yi ta danna mini baya da ciki, ina ihu tana cewa a gaya wa mutane raki ba ya gyara jiki. Kunun kanwa kuwa sai da suka yi ciniki da likitata ta bakin maigidana, saboda jinina, aka tsaya a kan kanwa kaɗan. Inna ta ce wannan ba kunu ba ne, ruwan wanke ludayi ne, amma ta bi. Tun da aka yaye ni hannun matar nan bai taɓa jikina ba sai a wankan nan. Na gane tafin hannunta yana da kaushi, kuma in ta gama dannawa takan bar shi a tsakiyar bayana ɗan lokaci kafin ta ɗauke, ba don wani aiki ba.

Ranar suna maigidana bai yi shawara da kowa ba sai mahaifinsa. Liman ya yi addu'a, aka faɗi sunan jaririya, sai ga sunan Inna. Tana ɗaki aka shigo aka gaya mata. Ta ce wannan yaro ba shi da ta ido, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe ba ta buɗe ba. Daga ranar ta ɗauki yarinyar ta zama kishiyarta, takwara kaza takwara kaza, tana yi mata waƙa tana tsokanarta da cewa ta zo ta ƙwace mata suna. Duk abin da ba ta iya yi mini ba ta juye shi a kan jikar, a gabana, da ƙarfi. Ban ji kishi ba ko kaɗan, na san rabona ne ake biya ta hannun wata.

Da muka yi arba'in ta ce awakinta na jiranta. Muka kai ta filin jirgi, wannan karon ba ta ɗauki guzuri ba sai goro a bakin zane. Ta ce wa maigidana in an kawo abincin nan na cikin jirgi za ta ci, tunda ta gane ba a jira. A bakin ƙofar shiga ta miƙo mini yarinyar, ta gyara mata hula, ta ce wa hular, "A riƙa kawo ta. Kada wanda ya ƙara ce mini nisa." Ƙanena ya ce da ta isa gida sai da ta bi ta karɓo awakinta, kuma duk wanda ya zo barka da sauka ya ce mata Abijan da nisa, takan ce Yamai ce mai nisa, Abijan tana bayanta kaɗan.

Ta sake zuwa bayan nan, mu ma mun je. Har yau ban ji sunana daga bakinta da kunnena ba, kuma na daina jira. Wani ɗan sanda da ban san sunansa ba, wanda na tabbata ya manta da mu tun a yammacin, shi aka ba abin da na yi ƙuruciyata ina nema, kuma ba na yi masa baƙin ciki. Ina yi masa addu'a, shi da Hajiya mai ƙaryar alheri, da duk wanda ya ƙera abin nan da ya matso da garuruwa har tsohuwa ta ji tsoron a mayar da ita.

Yarinyar ta girma, tana lakwal yanzu. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ta. Na yi boko, na zauna a birnin da ba ruwan kowa da irin wannan kunya, na sha cewa a raina ni ba zan yi wa 'yata haka ba. Amma duk ran da na buɗe baki in kira ta sai harshena ya ƙi, in ji kaina ina cewa ta Inna, zo ki ci abinci. Bambancina da Inna, ni ina kallon fuskarta in na faɗa, ina kuma rungume ta har ta ce na ishe ta.

Kwanan baya tana cin tuwo ta ɗago ta tambaye ni me ya sa nake kiran ƙannenta da sunansu, ita ban da ita. Na ga irin kallon a idonta, na san shi sarai, na taɓa yin sa a zauren gidanmu na Zango. Ban ce mata al'ada ce ba. Na jawo kujera na zauna na ba ta labarin nan tun daga farko, da buhun kanwa da Hajiya da lasifika. Ta saurara har tuwon ya huce. Sannan ta ce, to ke yaushe za ki faɗi nawa?

Na ce mata kullum ina faɗa, sau biyar, ita ce dai ba ta wurin. In kuma so take ta ji da kunnenta, ta bari sai ran da ta yi nisa ta neme ni, aka tsayar da ni a filin jirgi. Ranar ba sai an tambaye ni sau biyu ba.